Daga Gurbin Dara Zuwa Macijin Salula



Ka san yadda marece yake a Sarkin Yamma bayan an gama aikin kaka. An ɗaure damman hatsi, an kai rumbu. Bayan la'asar dattawa sun taru a gindin itace. Mutum biyu sun share ƙasa, sun tona gurabu, suna dara. Ƴan kallo sun kewaye su, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Can gefe kuma ga yara huɗu ko biyar sun haɗa kai wuri ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Ba ka jin muryarsu. Salula ce guda a tsakiyarsu. Su ma wasa suke yi.

Wani dattijo zai ce wasan yaran nan aikin aljanu ne. Wani zai ce sihirin Nasara ne. Ko ɗaya ba haka ba ne. Mutane ne irinmu suka ƙaga shi. Suna da suna, suna da gari, an san shekarar da suka yi shi. Abin da ya shigo gidanka, har ɗanka ya bar tuwo ya huce saboda shi, ya kamata ka san asalinsa. Yau tarihinsa za mu ba ka.

Mu fara da tamu. Dara gurbi 30 ne: layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12. Ɗaya ya ɗauki ƴan karare, ɗaya ya ɗauki tsakuwa ko kashin raƙumi. Da farko ana dasa ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya. In an gama dashe, gurbi 6 ne suka rage babu kowa. Sai a fara tafiya, taki ɗai-ɗai, gaba ko baya, dama ko hagu. Wanda ya jera uku, ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa. Gwani shi ne wanda ya kafa doki: in ya matsa nan ya ci, in ya koma can ya ci, abokin wasa yana kallo ba yadda zai yi. Zabarmawa ma suna yin ta, suna ce mata dili. Dara ba ta da mai ita. Gadonta muka yi, ta kowa ce, ba a biyan ko tamma kafin a zauna.

Riƙe abu biyu a ranka: gurabu da doka. Za mu dawo kansu.

Mai gyaran inji da mutumin cikin jirgi

A ƙasar Japan, a wani birni mai suna Kyoto, an kafa wani kamfani a 1889. Sunansa Nintendo. Karta yake bugawa, irin tasu mai zanen furanni. Shekara da shekaru sana'arsa ke nan.

A 1965 kamfanin ya ɗauki wani saurayi aiki, sunansa Gunpei Yokoi. Ba babban aiki aka ba shi ba. Gyaran injunan buga karta ne. In inji bai lalace ba, zaune yake. Don ya rage zama, sai ya haɗa wani abin wasa, hannu mai miƙewa ya ɗauko abu daga nesa. Wata rana mai kamfanin ya zo zagaye, ya gan shi da abin. Yokoi ya ɗauka kashinsa ya bushe. Ashe arziki ne ya kira. Maigidan ya ce a ƙera abin da yawa a kai kasuwa. Aka sayar da sama da miliyan 1.

Ana ba da labari cewa bayan shekaru, Yokoi yana cikin jirgin ƙasa, sai ya ga wani mutum zama ya ishe shi, ya fito da ƴar na'urar lissafi yana ta danne-danne ba gaira ba dalili. Yokoi ya ce a ransa: ashe matafiyi yana bukatar abin da zai ɗebe masa kewa, ƙarami, wanda zai shiga aljihu. A 1980 abin ya fito. Sunansa Game & Watch. Agogo ne, kuma wasa ne. Kowane ɗaya wasa guda ne a cikinsa. Na farkon, wani ɗan mutum ne yana jefa ƙwallaye sama yana cafewa. An sayar da irinsu sama da miliyan 43.

A 1989 Yokoi da abokan aikinsa suka fito da wanda ya fi shi, Game Boy. Shi ana canza masa wasa kamar yadda ake canza kaset a rediyo. Amma hotonsa ba launi, dishi-dishi ne. Wani kamfanin Japan mai suna Sega ya fito da nasa a 1990, mai launi, gwanin kyau. To, amma na Sega batir 6 yake ci, su ƙare cikin awa 3 zuwa 5. Na Yokoi batir 4 ne, su kai awa 15 ko fiye. Kai da kake sayen batir don rediyo da tocila, ka san wanda za ka zaɓa. Haka duniya ma ta zaɓa. Game Boy da ƙanensa mai launi da ya biyo baya, an sayar da sama da miliyan 118. Dabarar Yokoi ita ce ya ɗauki kayan da suka riga suka yi araha, ya yi sabon abu da su. Maƙerinmu da ke yin garma da tsohon ƙarfen mota zai gane wannan magana.

Wasan da ya fi tallata Game Boy ba daga Japan ya fito ba. Wani masanin kwamfuta a Masko, ƙasar Rasha, mai suna Alexey Pajitnov, shi ya ƙaga shi a 1984. Sunansa Tetris. Tubala ne suke faɗowa daga sama, kai kuma kana jera su kamar magini. In layi ya cika sai ya ɓace. Pajitnov ma'aikacin gwamnati ne, saboda haka gwamnati ta riƙe wasan. Duniya tana ta saye, shi yana kallo. Sai a 1996 ya fara samun rabonsa. In ka taɓa ganin wata ƴar na'urar roba mai araha ta ƙasar Sin, wadda yara suke dannawa tana ƙara, tubala suna zubowa, to jikanyar wannan wasa ce.

Maciji ya shiga salula

Yokoi ya rasu a 1997, a hatsarin mota. A wannan shekarar ce kuma wasa ya samu sabon gida.

A ƙasar Finland, can arewacin Turai inda sanyi ke daskarar da tafki, akwai kamfanin Nokia. Asalinsa a 1865 kayan takarda yake yi daga itace. Daga baya ya koma ƙera salula. A 1997 ya fito da wata mai lamba 6110. Aka ce wa wani ma'aikaci, Taneli Armanto, ya sa ɗan abin nishaɗi a ciki. Ya ɗauko wani tsohon wasa da aka sani tun 1976, ya gyara shi daidai ƙaramin gilashin waya. Shi ne Snake, wato maciji.

Yanzu mu dawo kan gurabu da doka, don ka ga yadda ake gina wasa. Gilashin salula, in ka duba da kyau, ƙananan gurabu ne a jere, kamar na dara, sai dai sun fi yawa, sun fi ƙanƙanta. Kowane gurbi ko ya yi baƙi ko ya zauna fari. Macijin nan ba komi ba ne sai gurabu baƙaƙe a jere. Mai ƙera wasa ya zauna ya rubuta wa inji doka, da baƙaƙe da lambobi, kamar haka. Kan maciji ya matsa gurbi ɗaya. A share gurbin wutsiya. In kai ya faɗa gurbin da abinci yake, kada a share wutsiya, sai maciji ya ƙara tsawo. In kai ya bugi bango, ko ya ciji jikinsa, wasa ya ƙare. Shi ke nan. Inji yana bin wannan doka da sauri, sai idonka ya ga kamar abu mai rai yana tafiya.

Inji ba shi da wayo ko kaɗan. Abin da aka rubuta masa shi yake yi. In mai rubutu ya manta bai ce bango yana kisa ba, maciji zai ratsa bango ya wuce. Shi ya sa aikin yake son haƙuri: a rubuta, a gwada, a ga kuskure, a gyara, a sake gwadawa. Manyan wasanni na yau mutane da yawa ne suke haɗuwa a kansu. Wani ya yi zane, wani ya yi kiɗa, wani ya rubuta doka, wani kuma aikinsa ya yi ta wasan yana neman inda ya karye. Amma tushen bai canza ba.

A lokacin da Armanto yake wannan aiki, mu nan in kana son magana da ɗan'uwanka da ke Yamai ko Kano, sai ka ba direba saƙo, ko ka tafi Maraɗi neman tarho. A 2001 aka fara kafa turakun salula a Nijar, a manyan birane tukuna, sannan a hankali abin ya yaɗu zuwa karkara. Kamfanin Celtel da mutane da yawa suka fara sani, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. A 2003 Nokia ta fito da mai lamba 1100, mai tocila a ka, mai jure ƙura da faɗuwa. An sayar da ita sama da miliyan 250 a duniya. Akwai maciji a cikinta.

Ka tuna yadda ake kora shi? Lamba 2 sama, 8 ƙasa, 4 hagu, 6 dama. Akwai waɗanda ba su taɓa zama a lakwal ba, amma sun san waɗannan lambobi huɗu sarai, maciji ne malaminsu. Na faɗi wannan don kada ka ce salula duk ɓarna ce. Wata mai bincike ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta samu cewa inda salula ta shiga, bambancin kuɗin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. A 2009 da 2010 kuma an yi gwaji a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram. Wasu azuzuwan yaƙi da jahilci an koya musu aika saƙo da salula, wasu ba a koya musu ba. Waɗanda suka taɓa salula sun fi riƙe karatu da lissafi.

Kyautar da ba kyauta ba

Macijin Nokia ba ya neman komi a wurinka. Ka sayi waya, ka saye shi, magana ta ƙare. Abin ya canza daga 2007, da aka fito da iPhone a Amurka, waya mai gilashi babba da ake shafawa da yatsa. A 2008 aka fito da Android, tsarin da yawancin wayoyin shafa na ƙasarmu suke aiki da shi. A shekarar kuma aka buɗe kasuwa a cikin wayar kanta. Kowa zai iya ƙera wasa a ɗakinsa, ya kai wannan kasuwa, mutumin wata ƙasa ya ɗauka. Da wayoyin Tecno da itel na ƙasar Sin suka zo da araha, sai abin ya iso mu. Da yawa daga cikinsu ta Kano suke biyowa, su bi Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, su sauka Maraɗi. Yara kuma sun iya tura wa juna wasa daga waya zuwa waya, ko babu intanet.

Yawancin waɗannan wasanni an ce kyauta ne. To, tambayi kanka: mutum ya ɗauki ma'aikata, ya biya su wata da watanni, sannan ya ba ka kyauta? Ina yake cin abinci?

Yana ci ta wajen talla. Kana cikin wasa sai a tsayar da kai a nuna maka hajar wani. Mai haja yana biyan mai wasa a kan kowane ido da ya kalla. Kai kuma kuɗin intanet ɗinka ne yake tafiya. Yana kuma ci ta wajen sayar maka da abin da babu shi. Akwai wani wasa na jera alewa mai suna Candy Crush, ya fito a 2012. Dubi dokarsa: ka jera uku iri ɗaya, ka ci. Ka ji wata sabuwa? Amma an ba ka rai 5. In sun ƙare, ko ka jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya a ba ka yanzu. A 2016 aka sayi kamfanin da ya yi shi a kan dala biliyan 5.9. Dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba.

Ka ga ke nan, gwargwadon daɗewarka a kan wasa, gwargwadon ribar mai shi. Saboda haka da gangan ake gina shi yadda zai yi wuyar ajewa. Ka kusa ci, ka faɗi, zuciya ta ce sake ɗaya. Nan ne ya rabu da dara. Dara sai da abokin wasa. In an kira magariba, ya tashi, ka tashi. In ka cika zama, matarka ta aiko yaro. In ka yi ha'inci, ƴan kallo su yi maka ca. Salula ba ta gajiya, ba ta zuwa salla, ba ta da gona.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Wani saurayi a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, ya ƙera wani ƙaramin wasa cikin ƴan kwanaki a 2013. Ɗan tsuntsu ne ake taɓawa yana tashi, yana bi tsakanin bututai. Sunansa Flappy Bird. A farkon 2014 duniya ta rufa a kansa. An ce talla tana kawo masa wajen dalar Amurka dubu 50 kowace rana. A watan Fabrairu na shekarar, da hannunsa ya cire wasan daga kasuwa. Dalilin da ya bayar shi ne abin ya zama wa mutane jaraba, shi kuma hankalinsa ya kasa kwanciya. Samun irin wannan mutum sai an tona.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan inji cikin jerin cututtuka, wato in ya kai mutum ya bar aikinsa da iyalinsa saboda shi, ya kasa dainawa. A 2021 gwamnatin Sin, ƙasar da ke ƙera mana wayoyin, ta ƙayyade wa yaranta ƴan ƙasa da shekara 18 awa 3 kacal a mako na wasan intanet. Mai kaya ya san kayansa.

Mu yi ɗan lissafi, tunda yanzu ka iya. A ce mai caji yana karɓar dala 10 a kan waya ɗaya. In magana kawai kake yi da ƙaramar waya, caji ɗaya zai kai ka kwanaki. In yaro yana wasa da ta shafa, kullum sai an kai. Dala 10 sau 30, dala 300 ke nan a wata, jaka ɗaya da rabi. Ba a sa kuɗin intanet ba. Je ka kasuwa ka tambaya tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai auna.

Akwai kuma wanda ake kira wasa amma ba wasa ba ne: zuba kuɗi ta waya a kan wane kulob zai ci ƙwallo. Wannan caca ce, ko da wane suna aka ba ta. Ba a kanta muke magana ba.

Masu sa nasu a ciki

Kada ka ɗauka Turawa da mutanen Japan kaɗai suka iya. Ka san ludo, wadda samari suke yi a bakin shago. Asalinta wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi. Ingilishi suka gan shi can, suka rage shi, suka yi masa rajista a ƙasarsu a 1896. Shekara 120 bayan haka, a 2016, wani ɗan Indiya mai suna Vikash Jaiswal ya sa ta a salula da sunan Ludo King. A 2020, da cutar korona ta tsare mutane a gida, miliyoyi suka koma kanta. Wasan kakanninsa ne ya ɗauko, ya mai da shi sana'a.

A Legas wani mai suna Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo a 2012. Ya yi wasan ɗan kabu-kabu mai ratsa cunkoson motoci. Ya yi na kashe sauro. Ya yi wani mai suna Aboki Run. Kai da ka taɓa zuwa cin rani kudu, ka san wa ake kira aboki a can. Kalmarmu ce a kan wasan, amma wasu ne suka zana, wasu suka rubuta doka. A Yamai ma wani matashi mai zane ya ƙera wasan salula mai suna Les Héros du Sahel, wato jaruman Sahel. Jarumin sunansa Shamsu, daga hasken rana yake samun ƙarfi. Yaronmu ya ga mai suna irin nasa, a ƙasa irin tasa.

To, dara fa? Duk mai son ya sa ta a salula yadda muke yin ta a nan, abin da zai fara nema shi ne dokarta a rubuce. Ka tuna inji ba ya jin "ai haka muke yi". Sai an faɗa masa komi, ɗaya bayan ɗaya. Dokar kuwa tana cikin kan dattawa, kuma ta wani gari takan bambanta da ta wani. Dattijo ya san doka, bai iya rubutu ba. Jikansa ya iya shafa waya, bai taɓa tona gurbi ba. Kai ne kake tsakiya, kai da ka iya dara tun kana yaro, yanzu kuma ka iya riƙe alƙalami.

Saboda haka ga aikin da muke roƙonka kafin fitowa ta gaba. Ɗauki littafinka ka je gindin itace. Zauna kusa da gwanin garinku, ka kira ɗanka ya zauna kusa da kai, ko da salular a hannunsa. Tambayi gwanin, ka rubuta amsarsa da Hausa yadda ya faɗa. Wa yake fara dashe? An yarda a jera uku lokacin dashe? In mutum ya jera huɗu, ya ci ko bai ci ba? Ana cin ɗan da yake cikin jerin uku? Ƴaƴa nawa za su rage wa mutum a ce an cinye shi? In ka gama, rubuta sunan garinku a sama, ka ba malamin ajinku ya aiko mana. Muna so mu ga ko darar Sarkin Yamma ɗaya ce da ta Safo da ta Gabi da ta Jiratawa.